Gosulo, Dokin Mai Faci

Ku da kuka zo kuna nuna mini waya, wai kun ga ana tallar garin ƙara wa doki gudu a cikin 'yan robobi, kuna so ku saro ku ƙulla a leda ku sayar, ku samu wuri a kan buhunan nan ku zauna. Ba zan hana ku neman na kanku ba. Amma tun da kun ce aikin ba shi da wuya, zuba gari ne a juya, bari in ba ku labarin yadda na shigo shi. In kun ji, sai ku yanke wa kanku shawara.

Sunana Haruna, a Makera aka haife ni. Aikina na fari tsaron injin saƙa ne a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙu suka shiga rufewa aka sallame mu, na yi ta buga-buga, har wani maƙwabcinmu ya kawo ni wurin Oga Okeke, wani dattijon Ibo mai haɗa abincin kaji a nan Kudenda, a wannan rumfar da kuke zaune. Ya daɗe a Kaduna har Hausarsa ta nuna, sai dai in ransa ya ɓaci takan zame masa ta koma buroka, wato Turancin kasuwa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne juyi. Ya sa aka zube niƙaƙƙiyar masara da dusa da ƙuli a kan siminti, tari ya kai mini ƙugu. Ya ɗebo jar dawa a gwangwanin madara ya watsa a kai, ya ce in ɗauka ita ce magani, ya miƙo mini shebur. Na juya har rigata ta jiƙe, na ce na gama. Ya zagaya tarin, ya cusa hannu ta nan ya damƙo, ya buɗe tafinsa, ga jar dawa birjik. Ya koma ta can ya damƙo, ko ƙwaya ɗaya babu.

Ya ce, "Haruna, kazar da ta ci daga nan magani ya yi mata yawa. Wadda ta ci daga can ba ta samu komai ba. Dukansu kuma na mutum ɗaya ne. Sake."

A ranar na koyi cewa ba a juya tari a inda yake. Daga gindi ake kwashe shi, a gina sabon tari a gefe, kowane shebur a zuba shi a kan tsini don ya gangaro ta ko'ina, in an gama a sake mayar da shi. Abin da yake kaɗan kuwa ba a watsa shi a babban tari. A kwano ake fara haɗa shi da 'yar dusa, a juye kwanon a daro, a juye daron a baro, sannan ya ga tari. Na koyi gatsa masara da haƙori in san ko ta bushe, na koyi shinshina ƙuli in gane wanda ya fara fumfuna, na koyi ratsa maganaɗisu cikin hatsi don ya kamo ƙusa da guntun waya. Sai da na daɗe a kan waɗannan kafin ya bar ni na taɓa ƙaramin sikeli, wanda yake ajiyewa a akwatin katako kamar kayan gado.

A wannan sikelin ake auna wasu garuruka biyu da suke zuwa daga waje, laisin da mitiyonin. Na tambaye shi ko magani ne. Ya ce ba magani ba ne, abinci ne, Turawa na kiran irinsu amino asid, su ne ƙananan abubuwan da jiki ke harhaɗawa ya gina tsoka. Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Kai da ka yi masaƙa, in zare kala ɗaya ya ƙare, sauran duk suna nan cike, zanen zai fita?"

Na ce, "Ba zai fita ba, Oga. Tsayar da injin ake yi."

"To haka jikin dabba yake. Hatsinmu yana da zare iri-iri, amma laisin ɗinsa kaɗan ne. Ka cika wa dabba ciki da dawa, in wannan ya gaza, saƙar ta tsaya."

Shekara da shekaru muna aikin kaji, kasuwa na tafiya, sai murar tsuntsaye ta shigo. Ba na fatan ku ga irin wannan shekarar. Masu gidajen kaji da muke kai wa abinci, wasu an kashe kajinsu an binne, wasu sun sayar da sauran sun rufe. Mutane suka ƙaurace wa ƙwai. Injinmu ya yi shiru har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Ma'aikata suka watse, ya rage daga ni sai Oga, muna sayar wa masu awaki dusa mudu-mudu. Oga ya fara zancen sayar da injin ya tattara ya koma garinsu, har ya sa an zo an duba shi.

Ana cikin haka wata safiya wani tsoho ya tsayar da babur a ƙofar rumfa, hannuwansa baƙi ƙirin da taya. Ya ce sunansa Iliya, faci yake yi a bakin titi a Gonin Gora. Ya sayi dusa, ya ɗaure a bayan babur, sai kuma ya dawo yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Ku da kuke sa kaza ta yi ƙiba nan da nan, ku ba ni buhu ɗaya na abincin kajin nan mana in gwada wa dokina."

Oga yana kwance a kan benci, sai ga shi tsaye. "Baba, kana so ka kashe shi? Akwai maganin zawo da muke sa wa kaji a ciki. Kaza za ta ci ta yi ƙiba, doki ya lasa kaɗan zuciyarsa ta tsaya. Ko tsintsiyar da ta share wurin kaji kada ta je kusa da abincin doki. Zauna. Me ke damun dokin?"

Baba Iliya ya zauna ya ba mu labari. A garinsu cikin dawaki ya tashi, kuma duk shekarun da ya yi yana faci bai daina mafarkin ya ga dokinsa a filin sukuwa ba. Da ya samu hali ya sayi wani ɗan akawali, baƙi wuluk, ya sa masa suna Walƙiya. In aka saki dawaki babu mai tashi kamarsa, shi ne a gaba har rabin fili. Amma da an zo kwanar ƙarshe sai ƙafafunsa su yi nauyi, dawaki su yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Direbobin tirela da ke tsayawa faci a wurin Baba, su da suka san cunkoson hanyar Abuja, suka laƙaba wa dokin Gosulo. Sunan ya bi shi har fili, har shi Baban in ya manta haka yake kiransa. Yanzu kuma 'ya'yansa sun taso shi a gaba, musamman babban, Yakubu, cewa dokin yana cinye guminsa a banza, in bai yi abin kirki a ranin nan ba a sayar.

Oga ya ce wannan ya fi ƙarfin sikelinmu, sai da likita. Ya kira Dakta Rifkatu, likitar dabbobi da muka saba haɗuwa da ita a gidajen kaji. Ita ma aiki ya yi mata ƙaranci a shekarar, kuma ta taɓa aiki a wata barga kafin ta koma kan kaji.

Zuwanmu na farko Gonin Gora, mun tarar da dokin a turke ƙarƙashin mangwaro, bayan rumfar faci, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi. Kyakkyawan doki ne, ido a buɗe, kunne a tsaye, amma ƙashin bayansa ya fito kamar tsinin rufin kwano, cinyoyinsa kuma sun shafe. Dakta ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta tona kashinsa da tsinke, ta bi bayansa da tafin hannu. Ta tambayi abin da yake ci. Baba ya ce dawa da gero, da dusa, da busasshiyar ciyawa, sai kanwa.

"Harawa fa?"

"In ta samu, Dakta. Bana ta yi wuya."

Ta sa aka kira mahayinsa, Tanimu, wani magidanci ɗan firit mai ɗinkin kujerun mota, ya ɗaura sirdi muka fita filin bayan gari. Ya sake shi. Ni da ban taɓa ganin sukuwa kusa ba sai da na ja da baya. Da suka dawo dokin yana haki, ƙafafunsa na rawa, farar kumfa ta rufe wuyansa da tsakanin cinyoyinsa kamar an wanke shi da sabulu. Dakta ta dangwalo kumfar ta murza a yatsu ta nuna mana.

Ta ce, "Wannan ba ruwa da gishiri kaɗai ba ne. Doki in ya yi gumi har da abin gina jiki yake zubarwa. Gudu yana cin tsokarsa, gumi yana kwashe wani abu, ya dawo gida kuma abincin da zai gyara ɓarnar bai cika ba. Kullum a jikinsa yake yanka."

Baba Iliya ya matso ya rage murya. "Dakta, na ji akwai allurar da wasu ke yi wa nasu a ɓoye ranar tsere."

Ta ce, "Akwai, Baba, amma ba da hannuna ba. Ita ce ke sa doki ya kasa jin gajiya har ya faɗi. Kuma kada in yaudare ka, garin su Malam Haruna ma ba gudu ne a cikinsa ba. Gudun Allah ya riga ya ba shi. Naman da zai ɗauki gudun har ƙarshe ne babu. Shi za mu gina, kuma ba aikin mako ɗaya ba ne."

Ta fara ba dokin maganin tsutsa, ta goge masa kaifin haƙoran da ke hana shi tauna, sannan ta faɗa mana abin da za mu haɗa da yawan kowanne.

Haɗin farko na Gosulo, sai da muka yini muna shiri kafin mu taɓa hatsi. Oga ya ce injin kaji ba zai ga abincin nan ba, da hannu za a yi. Muka ware wancan lungun, muka wanke simintin da omo, muka bar shi ya bushe. Muka sayo sabon shebur da sabon daro da sabuwar tsintsiya, Oga ya shafa musu jan fenti don kada a yi kuskure. Na soya waken soya a rabin duro har ya yi ƙamshi, don ɗanye ba ya yi wa cikin doki daɗi, na ɓarza shi, na haɗa da gero da dusar alkama da gishiri. Na auna laisin da mitiyonin a ƙaramin sikeli ina riƙe numfashi. Kwano, daro, tari. Na kai masa da kaina a bayan babur ina jin kamar na haɗa abin duniya.

Dokin ya sa hanci a komi, ya shinshina, ya yi wani irin furzar da iska, gari ya tashi ya rufe mini fuska. Ya tsince geron da leɓɓansa tsaf, ya bar mini sauran a ƙasan komin, ya juya mini baya. Direbobin da ke jiran faci suka yi ta dariya, wani ya ce ai Gosulo ya fi mu sanin abin da yake so.

A nan na san doki ba kaza ba ne. Kaza tana haɗiye duk abin da ta tarar, doki kuwa yana da hanci, yana da ra'ayi. Mitiyonin yana da ɗan wari, shi ya ji. Baba Iliya ya ce mu bar masa wannan. Ya aika aka sayo mazarƙwaila, ya jiƙa ta a ruwa, ya yayyafa a kan abincin ya cakuɗa da hannu har garin ya manne a jikin hatsi. Ya ce haka kakansa yake yi in zai ba doki magani. Ya ɗiba a tafinsa ya miƙa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Gosulo ya yi jim, ya lasa, sai muka ji ƙarar tauna.

Ko da ya karɓa, ba mu sauya masa abinci gaba ɗaya ba. Cikin doki ba ya son ba-zata, yana iya murɗewa ya kashe shi. Kaɗan-kaɗan muka riƙa ƙara sabon muna rage tsohon. Dakta ta ce a nemo harawa ko ta halin ƙaƙa, Oga ya bi ƙauyukan hanyar Kachia a kan babur ya samo. Ta kuma ce rabon da ke da garin a ba shi bayan ya dawo daga motsa jiki, in ya huce ya sha ruwa, lokacin da jikinsa ke neman abin gyara.

An ɗauki lokaci ba mu ga komai ba. Baba Iliya yakan tsaya ya ƙura wa bayan dokin ido kamar mai jiran tsiro. Tanimu ne ya fara lura. Ya ce a da in suka yi gudu mai ƙarfi, washegari dokin yakan fito a sanƙare, sai an hutar da shi kwana da kwanaki. Yanzu kuwa gari na wayewa yana tono ƙasa da kofato yana neman a fita. To a nan amfanin abin yake. Tun da yana warwarewa da wuri, sai aka samu damar ƙara masa aiki. Tanimu ya riƙa kai shi cikin yashi, ya riƙa hawa da shi tudu. Abinci ya ba aiki hanya, aiki ya ba abinci wurin zama. Sannu a hankali ramin da ke gefen ƙashin bayansa ya cike, cinyoyi suka yi tudu, gashinsa ya koma sheƙi kamar an shafa masa mai.

Tsere na farko da ya shiga bayan haka bai ci ba. Ni ban je ba, Tanimu ne ya ba ni labari. Gosulo ya tashi a gaba kamar yadda ya saba, a kwanar ƙarshe dawaki biyu suka wuce shi, amma daga su babu wanda ya ƙara wucewa, ya biyo su har layi. Tanimu yana murna, ya ce a ƙarƙashinsa ya ji dokin bai mutu ba, shi ne ya sake shi da wuri. Yakubu kuwa, babban ɗan Baba, ya ce ai ba a cin kofi da saura kaɗan. Har ya yi magana da wani dillali. Baba Iliya ya roƙe shi ya bari a yi tseren ƙarshe kafin ruwa ya sauka, in bai yi ba shi da kansa zai kai shi kasuwa.

A tsakanin nan Tanimu ya sauya dabara. Ya shiga koya wa dokin haƙuri, ya riƙe linzami a farkon gudu, ya bar wani ya ja gaba. Gosulo ba ya so, yakan yi ta fizgar kai, amma ya saba.

Ranar tseren ƙarshe Oga Okeke ya rufe rumfa, abin da ba ya yi sai Lahadi. Ya sa jar hularsa, ya ɗauki lema, ya ce shi ma yau zai ga inda waken soyarsa yake tafiya. Wani direba cikin masu yi wa dokin ba'a ya ba da motarsa kyauta aka ɗauki Gosulo, muka ƙetare gada zuwa filin sukuwa. Dakta Rifkatu ta same mu a can. Yakubu ma ya zo, tare da dillalinsa, suka tsaya nesa da mu.

Dokin mai faci a cikin dawakin manyan mutane, kowanne da masu hidimarsa, mu kuwa da bokiti da daro mai jan fenti. A ajin dawakin gida aka sa shi. Da mai sanarwa ya kira Walƙiya babu wanda ya motsa, sai da wani ya ce ai Gosulo ne, fili ya ɗauki dariya.

Aka saki dawaki. A karon farko a rayuwarsa Gosulo bai fita gaba ba. Ya zauna a bayan wani jan doki da wani fari, Tanimu ya lafe a wuyansa. Baba Iliya ya kama hannuna ya matse, bakinsa yana motsi. Suka zagayo bayan fili, ƙura ta rufe su, ba ma ganin komai sai hulunan mahaya. Da suka doso kwanar ƙarshe, inda kowa ya san nan yake mutuwa, sai na ji masu dariyar sun fara kiran sunansa da shewa, suna jiran abin da suka saba gani.

Tanimu ya sassauta hannu. Baƙin nan ya miƙe kamar yanzu aka sake shi. Ya wuce farin tun a cikin kwana. Ya kama jan a miƙaƙƙiyar hanya, suka jera, wuya da wuya, kofato na dukan ƙasa kamar ana sussuka. Oga ya manta Hausa ya manta buroka, da yarensu yake ihu yana kaɗa lema a sama. Dakta ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu, har yau ba ta san dalili ba. A kan layi Gosulo ya miƙa wuya, da wannan wuyan ya ci.

Baba Iliya bai yi tsalle ba. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Direbobi suka ɗaga Tanimu sama. Kafin a gama miƙa kofi wani Alhaji mai dawaki da yawa ya aiko yaronsa, babban mutum da babbar riga, ya durƙusa ya ce, "Baba, Alhaji ya ce a yi maka barka, kuma ka faɗi abin da kake so a kan dokin."

Baba bai buɗe baki ba sai ga Yakubu ya ratso mutane, rigarsa duk ƙura, ya karɓi ragamar dokin daga hannun Tanimu. Ya ce, "Ka gaishe da Alhaji, ka ce mun gode. Dokin gidanmu ne, ba na sayarwa ba ne."

Dillalin da ya zo da shi ya dube shi, ya kaɗa kai, ya tafi neman abin hawa.

Ni kuwa aikina bai ƙare ba. Ana can ana kiɗa, na zagaya bayan mota, muka yi ta zagayawa da dokin har numfashinsa ya daidaita, Dakta ta saurari ƙirjinsa, ya sha ruwa, sannan na jiƙa mazarƙwaila na cakuɗa masa rabonsa. Masu kula da dawakin wasu suka kewaye ni suna leƙen daron, kowa yana tambayar me ke ciki.

Daga wannan makon masu dawaki suka fara sallama a rumfar nan, daga Zariya, daga Kano, har daga Bida. Kowa da abin da yake faɗa: a ba shi garin Gosulo. Amsar da Oga ya koya mini ita nake bayarwa har yau. Ba ma sayar da gari shi kaɗai. Me dokinka yake ci, wane aiki yake yi, yaushe likita ya gan shi? Dokin da ke tsaye a turke yana cin harawa mai kyau ba ya bukatarsa. Wanda tsutsa ta cika wa ciki, tsutsar za ka ciyar. Akwai wanda ya ƙi ji, ya sayo a wani wuri ya riƙa zuba wa dokinsa da ludayi, wai in kaɗan ya yi amfani da yawa zai fi. Abin da ya samu shi ne doki mai yawan fitsari da barga mai warin da ke sa hawaye. Akwai kuma dawakin da muka ciyar da kyau suka yi kyau, suka yi lafiya, amma ba su taɓa cin tsere ba, don ba a haife su da gudun ba. Mai gaskiya a sana'ar nan yana faɗa wa mai doki wannan tun kafin ya ɗaure buhu.

Daga baya kaji suka dawo, injin ya tashi, muka riƙa yin biyun, kowanne a lungunsa. Oga bai sayar da komai ba. Ya ƙara shekaru masu yawa a nan, sai da gwiwa ta hana shi tsayuwa sannan ya koma gida ya bar mini rumfar.

Amma abin da ya fara yi, washegarin da muka dawo daga fili, shi ne ya kira mai zanen allo daga Sabon Tasha, ya ce a zana masa doki a bangon waje kusa da hoton kaza. Mutumin ya ce ya iya. Ya yini a kan tsani da baƙin fenti. Da ya sauko muka fito muka tsaya muna kallo. Wata mai sayar da awara da ke wucewa ta tambaya ko mun fara haɗa abincin awaki ne. Oga ya fara kumbura, buroka ta fara zubowa, sai ga babur ɗin Baba Iliya. Ya sauka, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana duban bangon daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Oga, a bar shi haka. Kunnuwan dai nasa ne."